Zaɓen wakilan sa-kai a harkar tafiyar da intanet: ƙuri'ar kowa da kowa ko kwamitin tsayarwa?

"Assalamu alaikum Malam. Ina cikin wata ƙungiya ta 'yan sa-kai masu bibiyar yadda ake tafiyar da intanet. Bana an sa ni cikin mutum uku da za su shirya zaɓen wakilanmu biyu, waɗanda za su zauna a wata majalisa da muke da kujeru a cikinta. Zaɓen da ya wuce ya bar baya da ƙura: ana saura mako guda sai ga sababbin mambobi suna ta kwararowa, aka kaɗa ƙuri'a, ba mu sake jin ɗuriyarsu ba, wanda ya ci kuma ko zama uku bai halarta ba. Yanzu wasu na cewa a kafa kwamitin da zai zaɓo mana mutane, wasu na cewa wannan ɗauki-ɗora ne, a bar kowa da ƙuri'arsa. Wanne ya fi? Kuma ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya taya ki riƙon wannan amana, domin shirya zaɓe a tsakanin mutanen da suka san juna aiki ne da ba kasafai ake gode wa mai yin sa ba.

Idan na fahimce ki, abu biyu ne suka lalace a zaɓenku na baya, kuma ba daga wuri ɗaya suka fito ba. Na farko, waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su ne masu ƙungiyar ba. Na biyu, wanda ya hau kujerar bai zo don aikin ba. Muhawarar da ake yi a tsakaninku, kwamiti ko ƙuri'a, ta tsallake na farkon gaba ɗaya, ta kuma taɓa na biyun sama-sama. Shi ya sa nake jin tsoron ku shafe wata guda kuna ja-in-ja a kanta, ku zaɓi ɗaya, sannan baɗi ki sake rubuto mini irin wannan wasiƙa. Abin da na gani a shekarun da na yi ina zama a irin waɗannan kwamitoci shi ne, zaɓe yana samun karɓuwa ne idan an tsayar da ƙa'idojinsa tun lokacin da babu wanda ya san wa za su amfana. Da zarar sunayen 'yan takara sun fito, kowace ƙa'ida da kika kawo, komai kyanta, wani zai karanta ta a matsayin makami da aka wasa dominsa.

Inda gizo ke saƙar

A zaɓen ƙasa akwai abin da ya riga ya raba gardama: ɗan ƙasa ne ko ba ɗan ƙasa ba, ya kai shekaru ko bai kai ba. A intanet babu wannan katanga. Duk mai adireshin imel zai iya cewa shi ma mai ruwa da tsaki ne, kuma gaskiya ya faɗa. Mutum ɗaya kuma zai iya buɗe adireshi hamsin kafin ya sha ruwa. Wannan matsala ba taku ce ku kaɗai ba, manyan hukumomin ma sun sha ta.

ICANN, hukumar da ke kula da tsarin sunayen shafukan intanet, wadda aka kafa a 1998, ta taɓa gwada ainihin abin da 'yan "a bar kowa da ƙuri'arsa" suke nema. A watan Oktoba na 2000 ta shirya zaɓe ta intanet a duniya baki ɗaya domin cike kujeru biyar na hukumar daraktocinta, kujera ɗaya ga kowane yanki. Sharaɗin ba shi da tsauri: shekara 16, adireshin imel, da adireshin gidan waya da za a aiko wa mutum lambar sirri a takarda. Mutum fiye da 158,000 suka nemi rajista, kusan 76,000 suka kammala ta, kimanin 34,000 suka yi zaɓen. Fiye da rabin ƙuri'un daga yankin Asiya da Fasifik suka fito, inda aka yi gangamin rajista mai ƙarfi musamman a Japan. A ɗaukacin Afirka kuwa ƙuri'a 130 aka kaɗa, kuma a wannan zaɓe ne Nii Quaynor na Ghana ya hau kujerar yankin. Shi kam ya cancanta, domin yana cikin waɗanda suka shigo da intanet nahiyar. Amma ki dubi lissafin: da wani ya tara mutum ɗari biyu a lokacin, da ya ɗauke kujerar nahiya guda. Ba a sake irin wannan zaɓe ba. Garambawul ɗin da aka yi a 2002 ya soke shi, aka koma tsarin da ake kai yau.

Har gobe akwai masu ganin cewa soke zaɓen nan kuskure ne, cewa gyara ya kamata a yi masa, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce, domin tun daga lokacin mai amfani da intanet na gama-gari ya rasa hanyar kai tsaye ta zaɓar darakta. Ni abin da na ɗauka daga labarin bai wuce wannan ba: idan ƙofar rajista a buɗe take har ranar zaɓe, wanda ya fi iya tara jama'a cikin gaggawa shi ke ci, ko da bai san komai a kan aikin ba.

Ki fara da rajista

Saboda haka amsar "ta ina zan fara" ita ce rajistar masu zaɓe. Kafin a buɗe takara, kafin ma a sanar da ranar zaɓe, ku zauna ku uku ku amsa tambaya ɗaya a rubuce: wane ne ke da ƙuri'a?

Hukumomin da ke raba lambobin adireshin intanet a yankunan duniya biyar sun daɗe suna fama da wannan tambaya, kuma kowacce ta ba da amsarta. RIPE NCC, mai kula da Turai da Gabas ta Tsakiya da wani sashe na tsakiyar Asiya, ba ta ba sabon mamba ƙuri'a sai ya cika wata shida. Wannan ƙa'ida ɗaya tak da kuna da ita, da abin da ya same ku bai same ku ba, domin mai son cika rumfa da mutanensa dole ya fara shiri rabin shekara kafin lokaci, a idon kowa. ARIN ta Arewacin Amurka ta ɓullo ta wata hanya: mamban da ya yi zaɓe uku a jere bai kaɗa ƙuri'a ba, ana sauke shi daga rukunin masu zaɓe, kuma ko takardar da ba a zaɓi kowa a cikinta ba ya jefa, an ƙirga ya halarta. Manufar ita ce kada rajista ta cika da sunayen da suka yi barci, waɗanda wani zai iya tashe su rana ɗaya ya kaɗa su inda yake so. APNIC ta Asiya da Fasifik kuwa ƙuri'unta ba daidai suke ba, suna tafiya ne da girman mamba, daga ƙuri'a 1 har zuwa 64. Wannan na ƙarshe ban ba ki shawarar ku kwaikwaya ba. Ya dace da ƙungiyar kamfanoni masu biyan kuɗi gwargwadon abin da suke riƙe da shi, amma a tsakanin 'yan sa-kai zai haifar da manya da ƙanana, ya kashe wa sababbi gwiwa.

Ga ƙungiya irin taku, abu uku nake ganin sun wadatar. A sa ranar rufe rajista da ta riga ranar buɗe takara da watanni, uku zuwa shida. A aika wa kowane mamba saƙo ya amsa cewa yana nan kuma yana son yin zaɓe, wanda bai amsa ba cikin wa'adin da aka ɗiba ya jira na gaba. Sannan a fitar da jerin sunayen a fili, a ba da mako guda ko biyu domin duk mai ƙorafi ya kawo, wanda aka tsallake sunansa ko wanda yake ganin an sa sunan da bai cancanta ba. Bayan nan a rufe, kuma ko wane ne ya zo daga baya, ko da shi ya kafa ƙungiyar, haƙuri za a ba shi.

Wannan na ƙarshen shi ne mai wuya. Na taɓa riƙe rajista a wani zaɓe inda wani dattijo da kowa ke girmamawa bai amsa saƙon tabbatarwa ba, yana tafiya. Ya dawo kwana biyu bayan an rufe. Abokan aikina biyu suka ce a saka shi, ai kowa ya san shi mamba ne. Na ƙi, kuma ban ji daɗin ƙin ba, domin mutum ne da ya koya mini abubuwa da yawa. Na kira shi da kaina na yi masa bayani. Kashegari sai ga wani ɗan takara ya zo da sunaye da dama na mutanen da su ma "suna tafiya". Da na buɗe wa dattijon ƙofa, da ba ni da bakin rufe ta a gaban wannan.

Akwai kuma batun ƙuri'ar wakilci, wato wani ya kaɗa a madadin wani. Ki guje ta iyakar iyawarki. AFRINIC, hukumar da ke raba adireshin intanet a Afirka mai hedkwata a Morishiyos, ta zauna ba cikakkiyar hukumar daraktoci tun daga 2022, har kotu ta naɗa mata mai riƙo a 2023. Zaɓen da aka shirya a watan Yunin 2025 domin fitar da ita daga wannan hali an soke shi bayan ƙorafe-ƙorafe kan takardun wakilci da aka gabatar da sunan wasu mambobi, sai a Satumba aka sake wani ta intanet. Idan takardar wakilci ta iya jefa hukumar nahiya guda cikin wannan, ƙaramar ƙungiyar da ba ta da lauya ko ɗaya ba ta da dalilin ɗaukar wannan kaya. Tunda ta intanet za ku yi zaɓen, ku bar shi a buɗe kwana biyar ko bakwai, kowa ya kaɗa da hannunsa.

Kwamiti ko ƙuri'a

Yanzu ga tambayarki ta asali. Kowane ɓangare a cikinku yana da rabin gaskiya.

Masu son kwamiti sun lura da abin da ƙuri'a ba ta iya yi. Ƙuri'a tana auna farin jini, kuma a irin wannan fage farin jini na wurin mai yawan magana ne, mai halartar manyan taruka, mai jin harshen da ake muhawara da shi. Wadda ke zaune tana karanta daftarin manufofi shafi tamanin tana gyara shi layi-layi, sau da yawa ba a san sunanta ba. Ƙuri'a kuma ba ta duba majalisa a dunƙule: za ta iya ba ku mutum biyu daga kamfani ɗaya, ko maza zalla shekara da shekaru, ba tare da wani ya nufi hakan ba. Kwamiti yana iya zama ya ce, a majalisar nan akwai lauyoyi, injiniya ne babu, bari mu nemo shi. Wannan ne dalilin da ya sa a ICANN, daga cikin daraktoci 16 masu ƙuri'a, kwamitin tsayarwa da ake kira NomCom ne ke zaɓo takwas, kuma an ɗora masa lura da cewa kowane yanki daga cikin biyar yana da aƙalla darakta ɗaya, babu kuma yankin da zai wuce biyar. Sauran kujerun na ƙungiyoyin cikin gida ne: biyu-biyu ga masu kula da lambobin adireshi, da masu kula da sunayen shafuka na ƙasashe (irin su .ng), da masu kula da na gama-gari (irin su .com), ɗaya ga masu amfani da intanet, sai shugaban ma'aikata.

Masu cewa ɗauki-ɗora su ma ba su yi ƙarya ba. Kwamiti yana aiki ne a asirce, dole, domin ba wanda zai miƙa sunansa idan ya san za a tattauna rauninsa a bainar jama'a. Amma asirin nan shi ne mafakar son kai. Mutane kan zaɓi mai kama da su, wanda suka saba shan shayi da shi a gefen taro, su kira hakan gogewa. Kuma tambayar da ba ta da makawa ita ce: wa ya zaɓi kwamitin? Idan shugabannin da ke kan kujera ne suka naɗa shi, to sun zaɓi magadansu ne ta bayan gida.

Amsa mafi kyau da na sani ga wannan tambaya ta fito ne daga IETF, taron injiniyoyin da ke tsara ƙa'idojin fasahar intanet. Su ba su da rajistar mambobi ko kaɗan, kuma sun san cewa idan suka ce a ɗaga hannu, kamfanin da ya fi turo ma'aikata shi zai yi rinjaye. Don haka ba sa zaɓen shugabanninsu da ƙuri'a. Duk shekara ana neman masu sa-kai daga cikin waɗanda suka cika sharaɗin shiga aiki, wanda asalinsa shi ne halartar taro uku cikin biyar na baya-bayan nan, daga baya aka faɗaɗa shi. Daga cikinsu ake fitar da mutum goma ta hanyar canke, ba kuma a yarda fiye da biyu su fito daga ma'aikata ɗaya ba. Abin burgewar shi ne yadda ake canken. Ana wallafa jerin sunayen da lambobinsu tukuna. Sannan a sanar cewa za a yi amfani da wasu alƙaluma da ba su riga sun fito ba, waɗanda ba wanda ke da iko a kansu, kamar sakamakon wasu manyan cacar gwamnati na wata rana mai zuwa. Ranar da alƙaluman suka fito, sai a zuba su cikin wani lissafi da aka bayyana a takardar IETF mai lamba RFC 3797 ta 2004, sunaye goma su faɗo. Kowa na iya maimaita lissafin a kwamfutarsa ya ga ko an yi coge. Shugaban kwamitin ba shi da ƙuri'a, kuma waɗanda kwamitin ya zaɓa sai wata majalisa dabam ta tabbatar da su.

Ki lura da abin da suka yi. Ba su nemi mutanen kirki da za a amince wa su naɗa kwamiti ba. Sun cire naɗin daga hannun kowa.

To wanne nake ba ki shawara? Ga kujera biyu a ƙungiyar da mambobinta suka san juna, ban ga dalilin ƙwace ƙuri'a daga hannun mutane ba, musamman yanzu da zukata ba su huce ba. Ku bar zaɓe a hannun mambobi. Idan za a yi kwamiti, aikinsa ya tsaya ga biyu: ya fita neman mutanen da suka dace ya roƙe su su tsaya, ya kuma duba ko kowane ɗan takara ya cika sharuɗɗan da aka rubuta. Kada a ba shi ikon cewa wane bai yi mana ba. Idan kuma ƙungiyar ta nace sai kwamitin ya tace sunaye, to a bar ƙofar baya a buɗe: wanda aka tsallake ya iya shiga takardar zaɓe idan ya tara sa hannun wani adadi na mambobi da aka ƙayyade tun farko. Internet Society, ƙungiyar duniya mai aikin bunƙasa intanet wadda aka kafa a 1992, tana da wannan hanya a zaɓen hukumar amintattunta, ARIN ma haka. Amfaninta ba a yawan masu bin ta yake ba. Kwamitin da ya san ana iya zagaye shi yakan yi taka-tsantsan kafin ya jefar da sunan mutum.

Sharaɗi ɗaya kuma ba a sassauta shi: wanda ya zauna a kwamitin tsayarwa ko na zaɓe ba ya takara a wannan zagaye, ko da ya yi murabus a tsakiya. ICANN ta rubuta wannan a dokokinta game da kwamitinta na tsayarwa. Ke ma, Malama, da kika karɓi wannan aiki, kin haƙura da kujerar bana, kuma ya kamata ki daina bayyana wanda kike so ko a hirar bayan fage.

Tsayar da ɗan takara

Matsalarku ta biyu, ta wanda ya ci ya ɓace, a nan ake maganinta. Yawancin waɗanda ke ɓacewa ba mugaye ba ne, ba a gaya musu gaskiyar aikin ba ne. Suna hango tafiye-tafiye da suna a katin taro. Ba su hango zaman intanet na awa biyu da tsakar dare ba, saboda ana juya lokacin taro domin kowane yanki ya ɗanɗana wahalar, ko takardun da dole a karanta kafin zaman, ko rahoton da za a kawo wa waɗanda suka tura su. Saboda haka sanarwar buɗe takara ta fara da aikin: zama nawa a wata, awa nawa a mako bisa ƙiyasin waɗanda suka riƙe kujerar, da wane harshe ake aiki, shekara nawa ne wa'adin, kuma a faɗa ƙarara cewa ba albashi. Ki tambayi wakilan da suka gabata su ba ki ainihin lissafin, kada ki rage don gudun kada mutane su tsorata. Wanda ya tsorata da sanarwa ya fi wanda zai gudu bayan wata uku.

Ku yarda mutum ya tsayar da kansa, ku kuma yarda wani ya tsayar da shi. Akwai masu ganin tsayar da kai rashin kunya ne, akwai kuma ƙwararrun da ba za su taɓa miƙa sunansu ba sai an tura su, kuma na lura mata da sababbin shiga sun fi yawa a wannan rukuni. Amma duk wanda aka tsayar sai ya amsa da kansa a rubuce cewa ya yarda, kafin ranar rufewa. Na ga inda aka tsayar da mutum ba da saninsa ba, ya ji kunyar ƙi bayan an yi ta yabonsa, ya ci, aka yi shekara biyu kujerar tana nan kamar babu kowa. Neman mutum ɗaya ko biyu su mara wa suna baya ba laifi, amma kada a bari marawar ta zama zaɓe kafin zaɓe, inda mutum ashirin za su yi ta jero "na goyi baya" har mai niyyar fitowa ya ga an gama. Idan an samu adadin da ake bukata, a ce ya isa.

Kowane ɗan takara ya rubuta takarda gajera mai amsa tambayoyi iri ɗaya: me ya yi wa ƙungiyar zuwa yanzu, me zai sa a gaba, zai iya ba da lokacin da aka ambata. Sannan ya bayyana wa yake yi wa aiki, wa ke biyan kuɗin tafiyarsa, ko yana da wata alaƙa da kamfani ko gwamnatin da shawarwarin majalisar za su shafa. A GNSO, sashen ICANN mai tsara manufofin sunayen shafuka na gama-gari, wannan bayani wajibi ne ga masu shiga aikin tsara manufofi. Samun alaƙa ba aibi ba ne, kusan duk wanda ya san harkar yana ci daga gare ta ta wata fuska. Ɓoyewar ce aibi. A ƙarshe a shirya zama ɗaya da mambobi za su yi wa 'yan takara tambayoyi, lokaci daidai ga kowa, a naɗi zaman domin wanda bai samu halarta ba.

Ƙidaya

Nan ba sai na tsawaita ba, sai dai abu ɗaya da ake yawan raina shi. Idan 'yan takara sun wuce biyu a kujera ɗaya, tsarin "mai ƙuri'a mafi yawa ya ci" yana iya ba ku wanda akasarin mutane ba sa so. A ce mutum 100 suka yi zaɓe, na farko ya samu 36, na biyu 34, na uku 30, alhali magoya bayan na biyu da na uku ra'ayinsu ɗaya, rabuwa kawai suka yi. Na farko ya ci, mutum 64 na gida suna cizon yatsa. Maganinsa shi ne mai zaɓe ya jera 'yan takara bisa fifiko, na ɗaya, na biyu, na uku. Wanda ya zo ƙarshe a cire shi, a raba ƙuri'unsa ga zaɓi na biyu da masu su suka rubuta, har wani ya haura rabi. RIPE NCC da wannan take zaɓen hukumarta. Tunda kujerunku biyu ne, ku rubuta tun yanzu ko kowace za a yi mata nata zaɓen ne ko a haɗe, da abin da za a yi idan aka yi kunnen doki, da abin da za a yi idan 'yan takara ba su wuce yawan kujeru ba. A wannan hali na ƙarshe ni na fi son a kaɗa ƙuri'ar duk da haka, da zaɓin "ban amince da kowa ba", kuma a fayyace tun farko abin da zai biyo baya idan wannan zaɓi ya yi rinjaye. Ƙuri'a ta zama a asirce, kowane mai zaɓe da mahaɗinsa na shiga da ba ya aiki sau biyu, kowane ɗan takara kuma ya iya turo mai sa ido. A fitar da alƙaluma dukansu, har da yawan waɗanda ke cikin rajista da yawan waɗanda suka fito, a ba da kwana biyu ko uku na ƙorafi ga wani wanda ba ya cikin ku ukun.

Wata shawara da za ta rage muku zafi nan gaba: ku sassaɓa wa'adin kujerun biyu, ta yadda kowace shekara ɗaya ce za ta faɗi. Bana sai ɗaya ya yi shekara biyu, ɗayan shekara ɗaya. Da haka kullum akwai wanda ya san inda aka kwana, kuma ba wanda zai kwashe duka a dare ɗaya. Ku sa iyakar tazarce, kamar yadda daraktocin ICANN ba sa wuce wa'adi uku a jere na shekara uku-uku. Ku kuma rubuta cewa wakilin da ya rasa zama kaza a jere ba uzuri, kujerarsa ta faɗi, da yadda za a cike ta. Idan wannan na rubuce, ba sai an yi rigima da kowa ba, sakatare ne zai aika takarda.

Abin da duk wannan ba zai yi ba

Ba na so ki tafi da zaton cewa waɗannan matakai za su toshe kowace kafa. Mai haƙuri da kuɗi zai iya yi wa mutanensa rajista wata bakwai kafin zaɓe, ya sa su amsa saƙon tabbatarwa, ya cika kowane sharaɗi. Abin da ƙa'idojin ke yi shi ne su sa abin ya yi masa tsada, ya kuma fito fili da wuri. Akwai kuma farashin da ake biya: duk katangar da ta hana 'yan haya shiga, tana kuma jinkirta matashin da ya shigo jiya da zuciya ɗaya. Ƙungiyar da ta tsananta sharuɗɗa fiye da kima takan wayi gari tsofaffin fuskoki goma ne ke zaɓen junansu. Shi ya sa na tsaya a wata uku zuwa shida, ban ce shekara biyu ba, kuma shi ya sa ya kamata sabon mamba ya samu damar magana da shiga ƙananan kwamitocin aiki tun ranar farko, ƙuri'ar ce kawai za ta jira.

Shawarata kuma ta ginu ne a kan cewa ƙungiyarku ta sa-kai ce mai tsara wa kanta dokoki. Idan tana da rajista da hukuma a wata ƙasa, ko kuma majalisar da kuke tura wakilan tana da nata sharuɗɗan kan yadda za a zaɓo su, waɗannan ne a sama, kuma duk abin da na faɗa sai ya bi ta ƙarƙashinsu. Ki nemo kundin tsarin ƙungiyar da na majalisar ki karanta su a wannan makon. Idan kundinku bai ba ku ukun ikon sa ranar rufe rajista ba, kada ku sa ta da kanku. Ku rubuta ƙa'idojin a shafi ɗaya ko biyu, ku kai gaban mambobi su amince da su a zama na gaba, ko da hakan zai sa a ɗaga zaɓen da wata guda, sannan a buɗe takara.